Yaya Sale, Mai "Bari In Tambaya"

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sale, amma har yau idan na ji an ce ɗan takara wane yana da ƙwaƙwalwa, sai in tuna da shi.

Manomi ne a ƙauyenmu, kusa da Tsanyawa. Allo ya yi, bai yi boko ba. Mutane sun laƙaba masa Bari-in-tambaya, domin ko kuɗin taki ka tambaye shi, abin da zai ce ke nan, sai jibi ya kawo maka amsa. Ni kuwa malamin firamare ne, kuma in faɗi gaskiya, halin nan nasa kunya yake ba ni.

Da dattawa suka tsayar da shi takarar kansila, jam'iyya ta ce ƙato-bayan-ƙato za a yi, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so, idon jama'a na gani. Abokin karawarsa wani Alhaji ne mai kaifin baki, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa, har da Turanci. Na je na tsaya a bayan Alhajin. Yaya ya waiwayo ya duba layinsa bai gan ni ba, sai ya duba ɗayan. Muka haɗa ido. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Alhaji ya ci, ya zama kansila. Bayan damina biyu ya zo da takarda, wai za a auna fadamarmu don noman rani. Yaya ya ce, "Ku dakata, bari in tambaya." Aka bushe da dariya. Ni na fara sa hannu, tunda ni ne mai karatu, sauran suka dangwala. Ban buɗe shafi na biyu ba. Yau fadamar fulotai ce, har da inda Yaya yake dasa albasa.

Ban ce a zaɓi dolo ba. Alhaji yana da ƙwaƙwalwa, wannan ba ƙarya ba ne, sai dai a kanmu ya yi aiki da ita. Yaya kuwa ya san iyakar abin da ya sani, mu muka ɗauki hakan wauta.

Abin da ya tayar mini da wannan duka shi ne bana ɗana Nura ya fito neman kujerar nan. Yana da digiri, kuma gari ya ɗauka, wai yaron akwai kai. Jiya na gwada shi, na ce, "Nura, ina iyakar burtalin shanu ta yamma?" Nan take ya amsa, ko numfasawa bai yi ba. Amma inda ya faɗa ba nan ba ce.

Na so in ji kalma ukun nan daga bakinsa, ban ji ba, kuma abin ya tsorata ni.

Ranar Asabar za a sake yin layi, kuma na san Nura zai waiwayo ya neme ni. Ban san inda zan tsaya ba. Da Yaya yana raye, yau ni ne zan ce bari in tambaya.