Takobin da Atiku Ya Kawo Daga Bama

Yayana Lawwali maƙeri ne a suna kawai. Shekara talatin muna rumfa ɗaya a Sabon Birni, ni ke zuga, ni ke dukan ƙarfe, shi kuwa yana zaune kan buzu da tsohon takobi a cinya kamar mai rarrashin jinjiri. Hadari zai haɗu a gabas, manoma su cika mana ƙofa suna jiran hauya da galma, sai a ce wani ya tono guntun takobi a gonarsa can kufan Alkalawa. Shi ke nan, Lawwali ya hau jaki, sai bayan kwana uku. Takubban da ya tara sun fi arba'in, har matarsa Habi ta kwashe ƙorenta daga ɗaki don babu wurin ajiyewa. Na yi faɗa, na yi rarrashi, na kai ƙara wurin manya, duk a banza.

Sai dai a faɗi gaskiya, mutumin ya san takobi. Daga Gatawa, daga Isa, har daga Maraɗi ake kawo masa na gado ya duba. Zai ɗana shi da farce ya kara a kunne, ya duba tambarin da ke kusa da ƙota, sa'an nan ya kafa tsinin a ƙasa ya danna har ya lanƙwashe, ya saki. In ya koma miƙe sak, na ƙwarai ne. In ya tsaya a karkace, sai ya ce a kai mini in yi lauje. Kuma tun da yake bai taɓa janye magana ba. Wannan ne abin alfaharinsa, shi ne kuma abin da ya fi ba ni haushi da shi.

Shekarar da aka sallamo sojan da suka yi wa Turawa yaƙin Bama, ɗana Atiku ya dawo a rame, babu yatsu biyu a hannun dama. Samarin gari da ko Sakkwato ba su taɓa zuwa ba suka ce ai dako ya yi wa Turawa, suka laƙa masa Jakin Bature. Yaron ba mai surutu ba ne, amma sunan ya ci masa rai. Abin da zai kare kansa da shi ɗaya ne, wani takobi da ya zo da shi da kubensa, a naɗe cikin bargo. Bakinsa ɗaya, yana da 'yar lanƙwasa, ƙotarsa doguwa ta hannu biyu. Ya ce a bakin wani kogi ya ƙwace shi daga hannun hafsan Japan, a nan ne yatsun suka tafi. Yana so babansa Lawwali ya duba shi ranar kasuwar Isa, a gaban jama'a, kowa ya ji.

Na ce wa Lawwali, "Yaya, duba shi gida tukuna. Ba ka taɓa ganin irin wanga ba."

Ya ce, "Ƙarhe ƙarhe na, ko daga ina yah hito. Ni za a koya ma takobi?"

Ranar kasuwa mutane suka yi da'ira. Ya ɗana, ya saurara. Ya nemi tambari bai gani ba. Sai ya kafa tsinin a ƙasa ya danna. Takobin ya ƙi. Maimakon ya tsaya nan, sai ya sa gwiwa da duk nauyinsa. Da ya saki, abin ya tsaya a karkace.

Ya ce, "Ƙarhen lauje na. Ba sadaukin da za shi yaƙi da wanga."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce ƙila a juji aka tsinto shi. Atiku ya juya ya bar takobin a ƙasa.

Bayan kwana biyu Lawwali ya ce a yanka shi biyu, kada ƙarfe ya zauna a banza. Na kama masa da awartaki, ya ɗora kurfin yankan ƙarfe ya buga. Gadon bayan ya yanku salin alin. Da aka iso bakin, kurfin ne ya ɓalle, kurfin da muka gada daga ubanmu. Da ƙyar muka raba shi. Lawwali ya ɗaga guntu ɗaya a rana, ya daɗe yana kallon mayankin. Ciki ƙarfe mai taushi ne, an lulluɓe shi da mai tauri, an ninka, an sake ninkawa har ba a ƙirguwa. Ashe ba don ya lanƙwashe ya dawo aka ƙera shi ba, don sara ne.

Kasuwa ta zagayo, Lawwali ya tafi Isa a ƙafa da guntayen biyu, ni da Atiku muna bayansa. Ya tsaya inda ya tsaya waccan rana, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, na yi kure. Tun da nike ban riƙa takobi awa wanga ba. Mai irinai ba ya sakin shi sai ya mutu."

Na ɗauka magana ta ƙare. Ina! Wani mai sayar da gishiri ya ce, "Allah sarki, ɗan ƙaninai na, dole shi gyara mishi." Aka gyaɗa kai, aka yaba wa Lawwali zumunci, kowa ya koma cinikinsa. Ya bi su rumfa rumfa yana nuna musu mayankin, su kuwa me suka sani game da cikin ƙarfe? Ji na yi kamar in shaƙe shi, in shaƙe su.

Atiku ya karɓi guntayen yana ƙoƙarin mayar da su cikin kube, karkatar ta hana su shiga. Ya ce mini, "Baba, kai dai ka yarda da ni tun hwarko?"

Na ce, "Haba, Atiku, na yarda mana."

Ya dube ni, ya ce, "To don mi kar riƙe mishi awartaki?"