Ziyarar da Mama Ta Jira

A ɗakin mahaifiyata akwai wani tulu da ba a taɓa zuba wa ruwa ba. Yana bayan ƙofa, an toshe bakinsa da tsumma, kusa da shi kuma akwai guntun soson katifa da ya yi baƙi don tsufa. Na kiɗa ne. Da soson ake buga bakinsa, sai ya ba da wata murya mai zurfi da mutum kan ji a ƙirjinsa. Na yi shekara arba'in da wani abu ina ganin tulun nan a gidanmu na Yakasai, amma ban taɓa jin an buga shi a cikin gidan ba.

Mama Kirista ce, 'yar ekklesiyar Lutheran. Daga Adamawa ta zo Kano aikin karɓar haihuwa a asibiti, mahaifina kuwa ɗan Yakasai ne gaba da baya, mai sayar da yadi. Ya aure ta a kan addininta, bai taɓa matsa mata ba har ya koma ga Allah. Mu 'ya'yan mun tashi Musulmi, kuma ita ce mai tashin mu sallar asuba, da bulala idan ta kama. Cikin ganuwa babu coci, don haka kowace Lahadi da Talata sai ta ɗaura ankonta, ta lulluɓe shi da babban mayafi, ta sa tulun a buhu, ta nufi Sabon Gari.

Ina yarinya ta je da ni sau biyu ko uku. Na ga ƙungiyar mawaƙa da dogayen rigunansu, na ga matasa da jita da ganguna, na ga zumuntar maza da ba sa cika benci biyu sai ranar da aka dafa shinkafa. Amma cocin a hannun zumuntar mata yake. Farar riga mai tattara a hannu, zani iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, ga shantu ga kacau-kacau, Mama a zaune a gaba da tulu tsakanin ƙafafunta. Matar da a gida ko dariya ba ta yi da ƙarfi, a can ita ce take riƙe da kiɗan mata talatin.

Suna da wata al'ada da suke kira ziyara. Duk 'yar zumuntar da ta haihu, ko ta kwanta ciwo, ko aka yi mata rasuwa, sai su ɗunguma zuwa gidanta cikin anko. Ba a ƙofar gida suke fara waƙa ba, tun daga bakin titi suke tada ta, don wadda ke kwance ta ji suna matsowa. Mama ta je gidan kowa. Ruwa da rana ba su taɓa hana ta ba. Gidanta ne kaɗai ba a taɓa zuwa ba, ko da rasuwar mahaifina. Ita da kanta take ce musu gidanta da nisa, su kuma suna gane nisan da take nufi.

Bayan mijina ya rasu na dawo gida da 'yata, don haka jinyar Mama a hannuna ta faɗo. Ciwon sukari ya fara cinye mata ido, sannan ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Sunayen mutane suka dinga kwance mata, wani lokaci ni kaina sai ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta daɗe da mutuwa. Kunnenta ne kawai ya rage garau. Wata safiya ina shafa mata mai a ƙafa ta ce, "Ina so su zo mini."

Na ce, "Su wa, Mama?"

"'Yan zumunta. Sau ɗaya dai. Ban taɓa roƙo ba."

A daidai lokacin kuwa ana neman auren 'yata. Yaron ɗan unguwar Mandawari ne, gidan malamai, asalinsu Barno. Manya sun zo gaisuwa, saura sa rana, kuma kowa ya san tsakanin nan ne ake bincike. Ana aiko tsofaffin mata su zaga unguwa, su tambayi maƙwabta wane irin gida ne, wace ce uwar, wace ce kakar. Sai na hango mata talatin da farar riga suna shigowa lungunmu da shantu, yara na bin su, labari na isa Mandawari kafin magariba. Kunya ce ta kama ni. Kunyar uwata na ji, ba ni da wani suna da zan ba abin.

Na je wurin Baffa, ƙanin mahaifina, wanda shi ne babba a gidan. Na kai masa maganar ne don ya hana, in sami wanda zan ɗora wa. Yana zaure yana yankan farce, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ɗakin mijinta ne. Su zo mana. Ki sa a shimfiɗa musu tabarmi." Na fito ina jin haushinsa kamar ya zage ni.

Sai na kira uwar zumunta a waya, wata dattijuwa mai kaurin murya da ta san ni tun ina goye. Ta yi murna har tana gode wa Allah. Ta ce ranar Talata za su zo dukansu. Na ce mata akwai sharaɗi. Kada su wuce shida, kada su sa anko, kada su zo da kayan kiɗa, kuma ban da waƙa.

Ta ce, "'Yata, to me za mu zo yi?"

Na ce, "Ku gaishe ta, Mama. Kin dai san garin nan."

Wannan kalmar ce ta fi damuna har yau. Matar nan ta ga tashin hankali a Kano da idonta, ta taɓa kwana a bariki da 'ya'yanta. Da na ce ta san garin, sai ta ɗauka wani abu na ji a unguwa. Alhali babu wanda ya ce uffan. Maƙwabtanmu rabinsu a hannun Mama aka haife su. Na jingina musu sharrin da ba su yi ba, na bar ta a kan haka. Ta ce, "To, ba za mu jawo muku fitina ba."

Sun zo bayan azahar, bibbiyu, kowace da atamfarta daban da mayafi, kamar masu zuwa barka. Suka yi sallama a hankali, suka zauna a ɗakin Mama suna magana ƙasa-ƙasa. Mama ta juyo da fuskarta wajen motsin ta ce, "Sannunku da zuwa. Daga wace unguwa?"

Uwar zumunta ta matsa ta kama hannunta mai lafiya. "Mu ne, 'yar'uwa. Mu ne muka zo."

Mama ta bi hannun matar da yatsunta har zuwa bakin riga. Na san abin da take nema, tattarar nan ta farar riga da ta yi shekara talatin tana gugewa. Ta shafa ta ji atamfa. Sai ta saki hannun, ta ce, "Na gode. Allah ya saka da alheri." Irin godiyar da ake yi wa baƙin da ba a sani ba.

Suka sunkuyar da kai suka yi addu'a, muryoyinsu ba su ko kai tsakar gida ba. Ɗaya daga cikinsu, mai buga shantu, ta kasa daurewa ta fara rera wani abu a maƙogwaro, baki a rufe. Na ga kan Mama ya ɗan ɗago. Matar ta dube ni, ni kuma na dubi ƙofa. Sai ta yi shiru. Na kawo musu fura, suka kurɓa don kada a ce sun ƙi, suka fita bibbiyu yadda suka shigo.

Ina kwashe kwanuka Mama ta ce, "Mutanen kirki ne. Ki share tsakar gida, nawa suna hanya."

Na ce, "Mama, ai su ne suka zo."

Ta ce, "A'a. Nawa tun daga bakin titi ake jin su."

Na maimaita mata washegari, na kira mata sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda ba. Ta sa na jawo tulun kusa da gado, ta ɗora tafinta a bakinsa. Kullum da la'asar sai ta ce in ɗage labule. In masu kiɗan ƙwarya suka wuce gidan biki, ko 'yan Islamiyya suka taso suna rera karatu, sai ta ce, "Tsaya. Su ne?" In ce ba su ba ne. Ta ce, "Wataƙila mota suka rasa." Ba ta taɓa zargin su ba, ba ta kuma zargi kowa ba.

Lambar uwar zumunta tana cikin wayata. Na sha ɗauko ta in ajiye. Na yanke wa kaina cewa da zarar an sa rana zan kira su, su zo su talatin, su fasa lungun da waƙa, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Mako biyu ne kawai. Ni da nake juya ta a kan gado kullum, ina ganin yadda take raguwa, na zauna ina yi mata lissafin mako biyu. Ta cika ranar Asabar da hantsi, kwana goma sha ɗaya bayan zuwansu, hannunta a bakin tulun.

Ni da Baffa da 'yan'uwana maza muka raka gawar har Sabon Gari. Muna karya kwanar layin cocin na ji su, 'yan zumunta. Tun daga bakin titi suka tare mu, fararen riguna sun cika hanya, suka tada waƙa da ƙarfin da gilashin mota yake rawa. Suka sa motar a tsakiya suna tafiya a hankali. Ban taɓa jin abu mai daɗi da ya yi mini ciwo haka ba. A cikin coci sun bar kujerarta ta gaba babu kowa, aka yi kiɗan ranar ba tulu. Uwar zumunta ta rungume ni tana kuka tana cewa, "Kin yi ƙoƙari, 'yata, kin riƙe ta."

A Yakasai muka yi zaman makoki. Rana ta uku sai ga mahaifiyar yaron nan ta Mandawari, ita da ƙannenta biyu. Na yi saurin jan zani na rufe tulun, don har lokacin halina bai sake ni ba. Hajiya ta yi gaisuwa, ta zauna, ta daɗe tana share ido.

Ta ce, "Ai ita ta karɓi haihuwar yaron nan. Ya zo a gicciye, ta tsaya a kaina tun safe har la'asar. Da ya ce mini jikarta yake so, ban aiki kowa bincike ba. Na ce wa Malam gidan na sani."

Na ce, "Kin san ita..."

"Wa bai sani ba? Duk Talata muna ganin wucewarta da buhunta." Ta gyara mayafi, ta dubi gadon. "Abu ɗaya ne ya ba ni mamaki. Na ji an ce mutanen nan in nasu ya kwanta sukan zo su yi masa waƙa. Na yi ta sauraron in ji an ce sun zo mata. Duk hidimar da ta yi musu, a ce ko sau ɗaya?"

Ta tsaya tana jiran amsata. Na ce mata sun zo. Ta ce to madalla, ashe ta ji su kafin ta tafi. Na sunkuyar da kai, na tura mata kwanon ruwa.