Masu Jego a Rufin Zaurenmu

Ko da tsufa zai sa in manta abin da na ci da safe, ranar da aka fasa yi wa jemagun zaurenmu turaren barkono ba za ta fita daga raina ba. A ƙauyen da nake aure ne, kusa da Sandamu, kuma 'yata ce ta jawo komai. 'Yar fari ce, don haka kada ku jira in faɗi sunanta.

Yarinyar nan ba ta ganin abu mai rai ta wuce. Me ya sa ƙadangare ke gyaɗa kai? Tururuwa na barci? Akwai ranar da na iske ta rub da ciki a bakin turke, wai tana kallon yadda buzuzu ke mirgina kashin jaki. Da ta kai kamar shekara takwas, sai ta koma kan jemagun da ke maƙale a azarar tsohon zaurenmu. Kullum gab da magariba tana kan dakali tana jiran fitowarsu, ta dawo ta ishe ni da tambaya: tsuntsu ne ko ɓera? Ba sa jin jiri, kai a ƙasa haka?

Ana cikin bazara, hadari ya fara leƙowa, maigidana ya ce dole a yi wa zauren yaɓe kafin ruwa ya sauka. Za a kori jemagun da hayaƙi, a toshe ramukansu. Surukata ta fi kowa murna. Ita ce ungozomar ƙauyen, a zauren take hutawa da rana, kuma kullum sai ta kakkaɓe kashinsu daga tabarmarta tana tsaki.

Da safe an kawo kasko da garwashi, ga busasshen barkono, ga magini yana jira. Sai ga yarinyar ta fito daga zauren da 'yar ƙwarya a hannu, idonta ya yi ja.

"Baba, don Allah kada a sa hayaƙin nan. Suna da jarirai, ga ɗaya ya faɗo. Ba za su iya tashi ba, mutuwa za su yi."

"Jarirai kuma? Ƙwai dai kike nufi," in ji uban. Magini ya tuntsire da dariya.

Ina bayan ƙofa ina ji, zuciyata kamar ta tsage. Amma wace ni in tare wa 'yar fari faɗa a gaban surukata? Ita kuwa da ta ga uban bai da niyyar saurare, sai ta juya wajen kakarta.

"Ƙawata, ke da kike cika baki babu haihuwar da ba ki gani ba, kin taɓa ganin ta jemage?"

"Ji 'yar nema! Miƙo in gani."

Tsohuwar ta leƙa ƙwaryar. Ni ma kunya ta gaza riƙe ni, na matso. Wani ɗan mitsitsin abu ne, bai kai babban yatsa ba, ba gashi, yana ta buɗe baki. Ta sa tsinke ta juya shi a hankali, sai na ji ta ce, "Ikon Allah! Ga cibiya."

Ta karɓi wayar ɗanta, ta kunna fitila, muka bi ta cikin zauren. Da ta haska azara, wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Uwaye ne reras, kusan kowace da ɗanta manne a ƙirji yana shan nono. Shekara da shekaru ina wucewa ƙarƙashinsu ina toshe hanci, ban taɓa ɗaga kai ba.

Ta fito ta ce wa ɗanta, "Kashe wutar nan."

"Inna, damina fa ta zo. Zauren nan zai zuba."

"Na ce kashe! Masu jego ne. Muddin ina raye, ba a tashin mai jego a gidan nan. Sai sun yi arba'in."

Wa zai ja da Inna a kan maganar jego? Magini ya saɓa kayansa ya tafi. Muka ɗaura ludayi a kan gora, muka mayar da jaririn kusa da azara, kafin azahar uwar ta ɗauke abinta.

Ruwa kuwa bai jira kowa ba. Zauren ya yi ta yoyo, har kusurwa ɗaya ta zube. Duk sanda maigidana ya jera bokitai sai ya ce, "Ga aikin masu jegonku nan." Amma bai sake ɗauko kaskon ba.

Da kwanakin suka cika, wata magariba yarinyar ta kwaɗa mana kira. Ƙananan ne ke fitowa bayan uwayensu, suna tangaɗi a iska kamar yaro mai koyon tafiya. Tsohuwar ta ɗaga kai ta ce, "To, Allah ya raya." Sai da suka fice kaf sannan aka toshe ramukan, ba hayaƙi, ba gawa ko ɗaya.

Inna ta rasu yanzu, Allah ya jiƙanta. Abin da ita da jikarta suka bar mini shi ne, yawancin abin da muke ƙyama ba mu taɓa tsayawa mun dube shi ba. Tun daga ranar, kafin in ce a kashe wani abu, sai na fara ɗaga kai in ga ko yana da ɗa a ƙirji.