Malam Ado Mai Huda Galan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Malam Ado mai feshi, maƙwabcinmu a Sharada, bayan doguwar jinyar ciwon daji.

Malam Ado, duk unguwar nan da tankin feshi a baya muka san ku. Ƙaramar hukuma ke turo ku kwatoci da bakin kasuwa da filin firamare, ku kashe sauro da ciyawa. Ba safar hannu, ba takalmin roba, sai tsohon hankici a hanci. Amma ba kwa fara aiki sai kun bi masu abincin bakin kamfanoni kun sa an rufe tukwane, kun kori yara daga fili.

Mata sun kira ku marowaci, don in magani ya ƙare sai ku sa ƙusa ku huhhuda galan ɗin, alhali ana son sa a zuba ruwa ko manja. Ina nan ranar da Mubina mai ƙosai ta biyo ku tana cewa, "Haba Malam, galan ɗin banza? Ko da shi za a binne ku?" Kuka yi dariya kuka ce, "Zage ni, Mubina. Gara zagin da in zo gaisuwar mutuwar ɗanki." Haka kuka riƙa sallamar masu roƙon ragowar magani su zuba a buhun wake. A filin firamaren nan 'ya'yana suka yi wasa har suka girma, ban manta ba.

Ni ba likita ba ce, kuma ajali na Allah ne. Amma ana faɗa cewa wasu magungunan feshin na iya jawo wannan ciwo, kuma wanda ya goya wa talaka guba ba kariya, za a tambaye shi. Ko sadakar bakwai ba a yi ba, na ji ana murna wai za a ba ɗanku Sagir gurbinku don a taimaki gida. Jama'a, mu ji tsoron Allah. In taimako ne, a fara gaya mana abin da ke cikin tankin, a ba yaron kayan kariya.

Allah Ya jiƙan ku, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinku. Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalanku da dangi, Allah Ya ba su haƙuri. Ke kuma Nafisa, mahaifiyar Sagir, uwa ce ke yi wa uwa magana: kada ki bari Sagir ya goya tankin nan da hankicin mahaifinsa.