Kan Giyar da Kawu Ya Sassaƙa Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda mutanen layin masu gyara suka fi sani da Injiniya. Ya yi jinyar kwana goma sha biyu, ya cika yana da shekara saba'in da ɗaya. Ina tsakiyar sauke kiret ɗin ƙwai a ƙofar wani shago aka kira ni. Na ƙarasa saukewa, na shiga mota na zauna, na daɗe ban tayar da ita ba.

Kawu, ba ka taɓa shiga aji ba, amma ban ga wanda ya yi maka gardamar sunan Injiniya ba. Shekara arba'in kana cikin ɗakin nan mai taga ɗaya, kai da injin sassaƙa ƙarfe, da gwangwanaye cike da notuna, da tabarau da ka ɗaure ƙafarsa da waya. Abin da kamfani ya daina ƙerawa, wurinka ake zuwa nema. Faɗa kuwa, Allah Ya ba ka. Mutum ya kawo aiki sai ka fara wanke shi tas a kan yadda ya lalata abin, sannan ka karɓa. Duk da haka bencin ƙofarka bai taɓa zama babu kowa ba. Wasu za su faɗi alheranka da suka fi wannan girma. Ni guda ɗaya zan faɗa, don da shi nake ci har yau.

Sana'ata dakon ƙwai. Nakan ɗauko daga gona da safe in rarraba wa shaguna a ƙaramar motata. Shekara uku da suka wuce ƙofar ƙarfe ta gonar ta datse mini hannun dama. Aka yi magani, ciwo ya warke, amma yatsu biyu, manuniya da ta tsakiya, suka sandare, suka ƙi lanƙwasuwa. Likita ya ba ni ƙwallon roba ya ce in riƙa matsawa kullum. Na matsa kwana huɗu na jefa ta ƙarƙashin gado, ni da nake ganin wasan yara ne. Da na koma aiki sai kan giyar motar ya yi mini ƙanƙanta, yana suɓuce mini. Wanda ya san ƙwai ya san ba ya son fizga. Giya ta shiga da gargada sau ɗaya, ka ji ɓarnar a bayanka tun kafin ka waiwaya.

Maimakon in zo wurinka, sai na yi wayona. Na shiga kasuwa na sayo wani ƙaton kan giya na gilashi, da jar fulawa a cikinsa, yana ta walƙiya. Na cire na kamfani na murɗa wannan. Ramin ya yi masa yawa, na naɗa tsumma na cusa, na bubbuga da tafin hannu har ya zauna. Wallahi ranar ji nake ni ma injiniya ne. Ashe a ƙarƙashin kan giyar akwai ɗan zoben da sai an ja shi sama ribas ke shiga, ni kuwa na danne shi. Kwana uku ina yawo da motar da ba ta komawa baya. Duk inda zan tsaya sai na nemi wurin da zan fita ta gaba, in ban samu ba in sauka in tura, mutane na kallo.

Rana ta huɗu, a kan wata gangara, na zo sauya giya sai ga gilashin a hannuna, sandar tsirara. Motar ta yi tsalle. Kiret tara suka tafi. Mai gona mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba, sai ya dubi hannuna ya ce in yi tunani zuwa mako guda, in tuƙin ya gagara ya ba wani hanyar. Ina da mata da 'ya'ya biyar, kuma ban iya komai ba sai tuƙi.

Haka na zo maka, ƙwai na ɗiga daga bayan mota. Ka juya gilashin nan a hannunka, ka leƙa fulawar, ka ce, "Wannan kwalliyar amarya za ka kai ko ƙwai?" Masu zaman benci suka kwashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ka ce, "Miƙo hannun." Ka daɗe kana taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Daga nan faɗan ya ƙare.

Ka aika aka samo yumɓu, ka dunƙula shi, ka ce in riƙe kamar ina sauya giya, kada in yi ƙoƙarin burge kowa. Shatin da hannuna ya bari ka ajiye a taga ya bushe. Ka yanko ƙafar wani tsohon tebur mai nauyi, ka yini biyu kana sassaƙa, kana gogewa, kana gwadawa da yumɓun. Ka auna zaren sandar giyar, wato tsagin da ake murɗa kan a kai, ka yanka ƙarfen da ya dace da shi ka dasa a cikin itacen, ka huda gefe ka sa ɗan noti mai riƙewa don kada ya juya. Ƙarƙashinsa ka rarake wuri don zoben ya samu hanya, ka kuma liƙa wa zoben ɗan harshe da zan ɗaga da babban yatsa. Sau shida kana ɗaurawa kana kwancewa. Ni na gaji, kai ko gezau.

Abin da ya fito ba shi da kyan gani, kamar ƙaton dankali. Amma da na ɗora hannu sai ya zauna daram. Ka sa aka ɗora kofin ruwa cike a kan kujerar gefe, ka ce in zagaya layin in dawo. Na dawo kujerar a bushe. Makon nan ko ƙwai ɗaya bai fashe ba, mai gona bai sake tayar da zancen ba.

Sharaɗi ɗaya ka kafa mini, wai itace na shan mai, in riƙa kawo shi farkon kowane wata. Ka kwance shi ka shige ciki, ka bar ni a benci da shayi, bayan rabin awa ka fito da shi yana sheƙi. Wani lokacin in ce, "Kawu, yau kamar ya canza." Sai ka ce, "Hannunka ne ya canza, tashi ka ba ni wuri." Na sha yin gunaguni a raina cewa tsohon nan hira kawai yake so. Hirar kuwa na ji daɗinta, ban taɓa fashin wata ba.

Kwana uku bayan rasuwarka Inna, matarka, ta kira ni ɗaki ta miƙo mini wani kwali da ta samo a aljihun teburinka. Da'irori ne aka zana da fensir, wata cikin wata, kowace ta fi ta bayanta ƙanƙanta da ɗan kaɗan. Na ƙirga talatin da huɗu. Ta ce, "Ba mai yake shafawa ba, ɗan nan. Rage masa girma yake, yana zana shi a kwalin nan. Ya ce kai ba ka jin maganar likita, amma giya dole ka riƙe ta sau ɗari a rana."

Na dubi hannuna. Na dunƙule shi, ya dunƙulu har ƙarshe. Ban san ranar da hakan ta fara ba. Na yi kuka a gaban Inna, ina kuka ina dariya, ita ma haka. Ka yi mini wayo, Kawu, kuma ka tafi ba ka bari na gode maka ba.

Ba na cikin masu cewa an yi gaggawa. Ka yi aikinka, ka ga jikokinka, ka tafi babu wanda ke riƙe da kai a zuci. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yanka bakwai, da mahaifiyata da ta rasa ƙaninta na ƙarshe, da mutanen layin da za su daɗe suna leƙa ɗakin nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata makwancinka, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Yadda ka sauƙaƙa wa bayinSa hanyar abinci, Allah Ya sauƙaƙa maka hisabi, amin.

Wannan takarda da hannun daman na rubuta ta, Kawu, tun daga farko har nan, kuma biron bai suɓuce mini ba.