Rijiyar Gidan Mai Haƙa

Duk rijiyar da ke tsohuwar unguwar nan, hannun Baba Mai Rijiya ne ya haƙa ta. Gajere ne, ga barkwanci. Cewa yake Allah ya rage masa tsawo ne don ya ji daɗin juyawa a rami. In ya yi nisa a ƙasa, sai ya manna kuncinsa a bango. Da ya ji sanyi zai ɗaga kai ya yi ihu, "Ku wanke randa!" Ruwan farko kuwa shi ke kurɓa.

Sai gari ya taho. Gonakin bayan unguwa suka zama benaye, kowanne da burtsatse da tanki a ka. Rijiyoyi suka fara kafewa. Aka riƙa kiransa yasar rijiya, ya ƙara zurfi, a sha kwana biyu, ruwa ya sake gudu. Daga baya kiran ya canja: "Baba, zo ka cike mana ita, kada yaro ya faɗa." Abin baƙin ciki, wannan ɗin ma ya iya shi.

Saura ta gidansa, wadda ya haƙa shekarar aurensa. Ita ma ta kafe, amma ya hana a taɓa ta.

Matarsa ta ce, "Malam, jikarka ta fara rarrafe. Jiya a bakin ramin nan na tsince ta."

"Rijiya ce, ba rami ba."

"To ɗebo min in gani."

Washegari ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, gwiwoyi na ƙara. Ya yi ta sara har rana ta take, ƙasa fara fat. Ya manna kunci, babu sanyi. Sai wata kaɗawa da ya ji har haƙoransa: injin benen maƙwabta ne ke zuƙo ruwa can ƙarƙashin ƙafafunsa, inda dagi ba zai taɓa kaiwa ba.

Ya daɗe kafin ya fito. Bai dubi matarsa ba, ya ɗauki kwando.

Ƙasar cikewa ma babu, don da wadda ya haƙo daga rijiyar ya gina ɗakinsu tun tuni. Dole ya je benen roƙon ɓaraguzan gini.

Mai gadi ya ce, "Kwashe, Baba, ka taimake mu. Ga tiyo nan, ka ɗan jiƙa maƙoshi."

Ruwan da sanyi ƙalau. Ya tara hannu ya kurɓa, ya kasa haɗiyewa. Ya gane ɗanɗanon ruwan rijiyarsa.