Kalangu a Cikin Faifan Gwaggo

Da safe ina koyarwa a lakkwal, wato makarantar boko, da yamma kuma in bi gidajen unguwannin Birni da Zango a nan Damagaram ina cigiyar tsofaffin faya-fayan garmaho, baƙaƙen nan da iyaye suka bari a cikin adaka. In na samu sai in wanke, in saurara daga farko har ƙarshe, in ɗauki hoto, in sa a wani shafin intanet inda masu tara irinsu daga ko'ina a duniya suke ciniki. Shafin ya wuce kasuwa. Duk faifan da aka taɓa bugawa yana da gurbinsa: wa ya yi waƙa, wa ya yi kiɗa, har da 'yan lambobin da ake kankarawa kusa da hudar tsakiya. Mutanen wurin sai su yini suna gardama a kan lamba ɗaya. Da farko na ce ba su da aikin yi. Yanzu ni ma in na ga kuskure a gurbin wani faifan Hausa, tuwo ba ya shiga sai na gyara. Matata dillalin muryar matattu take kirana.

Wata bazara Gwaggo, yayar mahaifina, ta zo daga garinsu Zermu ganin lokotoro, wato likita, saboda kunnenta. Na hagu ya daɗe da mutuwa. Na dama ma, in ji lokotoro, tafiya yake yi, kuma ba maganin da zai tsai da shi. Gwaggo ta gyaɗa kai kamar an gaya mata farashin gero. Da muka dawo gida ta kwance wani ƙulli, zane cikin zane, ta miƙo mini faifai.

"Mai sunan Baba," ta ce, don sunan mahaifinta aka sa mini, "an ce kana da na'urar da ke sa abin nan magana. Kiɗin marigayi ne a ciki. Ina so in ji tun kunnen bai rufe ba."

Mijinta makaɗin kalangu ne na mahauta. Yana saurayi ya bi wani mawaƙi kudu, aka ɗauki waƙarsu, ya dawo da faifai guda. Ba su taɓa mallakar garmaho ba. Sau ɗaya aka sa shi a gidan wani ɗan kasuwa, ita kuwa tana amarya, ta bayan katanga ta jiyo. Mijin ya rasu tun ban fara gemu ba.

Da na duba faifan sai da na yi salati. Zafin ɗakin kwano ya lanƙwasa shi kamar murfin tukunyar da aka taka. Ga shi kuma yana wani irin maiƙo, yana warin man shanu.

"Gwaggo, me kika shafa masa?" Sai da na ɗaga murya a kunnenta na dama.

"Mai mana. Kowace shekara in zan shafa wa ƙorai da akushi, sai in haɗa da shi. Da ban shafa ba ai da ya tsage."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga yadda take kallona tana jiran yabo. Na ce ta kyauta.

Na nemi gurbinsa a shafin. Yana nan, amma fayau: ba hoto, ba sunan makaɗa, sai jerin mutane da suka nuna suna nemansa, babu mai sayarwa ko ɗaya. Wato in wannan ya lalace a hannuna, ba inda zan samo wa Gwaggo wani. Na yi tambaya a dandalin hira na shafin. Wani dattijo daga Turai ya amsa da doguwar wasiƙa, ya ce a sa faifan tsakanin gilashi biyu, a ɗumama shi a hankali, a bar shi ya huce a danne. Ya gargaɗe ni cewa in zafi ya yi yawa layukan za su narke, kiɗin ya tafi har abada. Ya kuma yi ta bayanin irin murhun da zan nema. Na yi dariya ni kaɗai. Bawan Allah bai san zafin ranar bazara a Damagaram ba.

Wanki na fara. Ruwa mai ɗumi, sabulu kaɗan, da auduga, ina bin layukan yadda suka zagaya. Mai ya yi ta fita ba ya ƙarewa. Ranar da ya fita tas na ɗaga faifan a hasken tsakar gida na duba. Faya-fayai da yawa sun bi ta hannuna, kusan duk allura ta cinye su, yara sun karce su. Wannan kuwa layukansa sumul, kamar jiya aka fito da shi. Ba a yi ta sauraronsa ba balle ya tsufa.

Na sayo gilashin taga biyu, na sa faifan a tsakani. Da hantsi nake fitar da shi, ba da tsakar rana ba, in tsuguna kusa ina taɓa gilashin da bayan hannu. Da na ji zafin ya fara cizo sai in ruga da shi ɗaki in danne da littattafai. Washegari in duba, in ga ya ɗan kwanta, in sake. Matata ta ce ko kaza mai kwanci ba ta kai ni ba. Gwaggo kuwa kullum sai ta tambaya, kullum sai na ƙara ɗaga murya kafin ta ji amsa. Ta fara zancen komawa Zermu kafin ruwan shuka. Na so in bar faifan ya daɗe a rana don a gama, tsoro ya hana ni.

Bai miƙe sarai ba, amma ya kai inda allura za ta iya bi. Bayan la'asar na fito da garmaho tsakar gida, na shimfiɗa wa Gwaggo tabarma gaban lasifika, na yi bisimilla, na ɗora allura. Tana hawa tana sauka a hankali, ba ta yi tsalle ba.

Aka yi ɗan ƙaraf-ƙaraf, sai kalangu ya shigo. Na saba da wannan aiki, amma ranar tsigar jikina ta tashi. Mutumin nan ƙasa ta rufe shi tun tuni, ga shi kuma ina jin lokacin da yake matse kalangun a hammata, muryar ta hau, ya sassauta, ta sauko. Duk wannan yana kwance cikin karce mai sirantar gashi, a ƙarƙashin man shanu, a wani ɗaki a Zermu, shekara da shekaru. Allah mai iko. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

"To, ka kunna mana," in ji Gwaggo. "Me kake jira?"

Na murɗa murya har ƙarshe, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ta juyo da kunnen dama, ta matso, ta runtse ido. Ta girgiza kai.

"Iska kawai nake ji."

Wallahi na ji kamar in yi kuka. Na miƙa hannu zan ɗage allurar, a daidai nan ta dafa akwatin lasifikar za ta tashi. Ba ta tashi ba. Ta bar tafin hannunta a kan katakon. Can ta zame kallabinta, ta kwantar da kuncinta a kai, ta rufe ido. Sai na ga yatsunta na ɗaya hannun sun fara bugun gwiwarta, daidai da kiɗin, ba kuskure. Inda kalangun ya tsaya suka tsaya, inda ya dawo suka dawo tare da shi.

Matan zamaninsu ba sa faɗin sunan miji. Tun da nake, daga "shi" sai "uban yara" sai "marigayi" na taɓa ji a bakinta. Ranar, kuncinta a kan katako, ta kira shi da sunansa na yanka, sau biyu, yadda ake kiran wanda ke ɗaki na kusa. A zatonta raɗa ta yi. Amma wanda ba ya ji ba ya sanin ƙarfin muryarsa, sunan ya fito har ya rinjayi kiɗin. Matata ta sunkuyar da kai, maƙwabta suka janye daga katanga ɗaya bayan ɗaya. Har Gwaggo ta koma ga Allah ba wanda ya gaya mata mun ji.